Tashar Baffa Jalo

A zauren Baffa Jalo, nan Bolari,
akwai tashar da ba a yankan tikiti.
Tsohon ƙyaure ya kwantar,
ya ja layin dogo da wayar laima,
tsinken ashana ɗari huɗu da bakwai a ƙarƙashi.

Kan jirgin, gwangwanin madara.
Taragu na kifin gwangwani, an dirje su da toka.
Tankin ruwa ne ya ci masa mako uku
wajen neman launin tsatsa,
sai da ya jiƙa jar ƙasar Bajoga da ƙaro.

Na ce, "Baffa, rufin ofis ya karkace."
Ya ce, "Haka na same shi ina yaron juya layi.
In na miƙe shi, na yi wa tasha ƙarya."

Ga mai dafaffiyar gyaɗa, tsawonta farce,
ga bencin nan mai ƙafa uku.

Da la'asar yakan tura da yatsa,
ya yi usur da baki.

Can gangare ciyawa ta cinye layin gaske,
awaki na tuƙa a kai.
Nan kuwa jirgi ba ya makara
sai in liman ya ja sura.