Auren Kalmomi

A Ayvalik, bayan kasuwar kifi,
inda gishirin teku ke cinye fentin ƙofofi,
babana Nevzat ya shekara talatin yana dafa sabulu,
sabulun bai taɓa sanin sunansa ba.

Sai mai kanti daga Izmir ya kada baki:
"Kayan da ba suna maraya ne.
Ku zo da suna ran Litinin,
ko kwalinku ya kwana a waje."

Na baje takardu a teburin yanka.
Zaitun, a bakinmu, zeytin ne,
sabulu kuwa sabun.
Na fille kan wannan, na guntule wutsiyar wancan:
Zeybun.
Baba ya tauna, ya tofar.
"Maganin tari," in ji shi.
Sabtin fa?
Ƙanena Ufuk ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Dare ya raba, kwandon shara ya cika
da kalmomi masu kan akuya, ƙafar agwagwa.

Can Baba ya zaro wuƙar lambunsa,
'yar ƙarama, mai ƙotar ƙaho.
"Kin sha ganin ina aurar da itacen zaitun.
Ba kowane reshe ke karɓar baƙo ba.
Sai ɓawo ya kwanta a ɓawo,
ruwan jiki ya gane ɗan'uwansa."

Ya jawo takarda, ya rubuta Müjgan,
sunan uwata,
wadda ta juya tukunyar nan
har toka ta shafe zanen yatsunta,
wadda bara waccan muka rufe a kan tudu.

Yanka biyu ya yi, a karkace,
irin na reshe.
Zey daga itace, gan daga gare ta.
Zeygan.
Ba wanda ya ce uffan.
Ufuk ya tashi, wai zai duba wuta.

Guntayen da suka rage, tin da Müj,
na kai hannu zan share,
ya riga ni.
Suna cikin walat ɗinsa har yau, bayan katin shaida.

Yanzu hatimi na buga sunan a kowane sanda,
ruwan gidajen da ban sani ba
yana lashe shi harafi harafi.
Jiya wata 'yar Ankara ta shinshina, ta ce,
"Mece ce ma'anarsa?"
Na ce ba ya cikin ƙamus,
na naɗe mata uku.