Yatsu Tara

Shagona na bayan tashar Kakuri,
tsakanin mai faci da mai cajin waya.
A nan nake cire kai in dasa a wani wuya
kamar mai dashen tumatir a bakin kogi.
Na sa wa masu neman aiki kwat da ba su taɓa sawa ba,
na tsayar da ɗan acaɓa a gaban benen Dubai
alhali bai taɓa wuce Zariya ba.

Ran Laraba, ana yayyafi, Ladidi ta shigo
da katin masaƙa ƙulle a gefen mayafi.
Hoton bai kai kwalin ashana ba.
Hatimi ya cinye rabin kunne,
ruwa ya taɓa goshin, ya bar tabo.
"Babanmu ne. Iyakar abin da ya bari ke nan,
sai takardar sallama da har yau ba a biya ba.
So nake in gan shi tsaye, cikin babbar riga."

Na buɗe kwamfuta, na shiga rumbun jikuna,
alhazai da angwaye, duk babu kawuna.
Na zaɓi mai shadda ruwan toka,
aska takwas a ƙirji,
hannu biyu a kan tumbi, agogo na walƙiya.
Na yanko Malam Barau daga katinsa
a hankali, ta gefen kumatu,
kamar wanzami mai tsoron jini.
Sau biyu aka ɗauke wuta, na ja janareta,
na koma na ɗinke inuwar haɓa
har ni kaina na kasa gano ɗinkin.

Washegari ta zo da tsohuwa.
Inna Kande ta kai firam nesa, ta kawo kusa,
ta goge gilashin da bakin zani.
Fuskar ba ta ɓata lokaci a kanta ba,
shekara talatin da ɗaya ta yi tana kallonta.
Ƙasa ta duba. Leɓenta na motsi.

"Goma," ta ce.
"Ɗan nan, hannun wane ne wannan?
Nawa tara gare shi.
Injin saƙa ya ci ɗaya shekarar da aka haifi wannan,
da kuɗin yatsan aka yanka mata rago."

Ladidi ta dubi ƙasa.
Na ce gyara ba wuya, minti biyar ne.
Na kai magogi kan hannun baƙon alhaji,
sai na tsaya.
"Wanne daga ciki, Inna?"

Ta ɗauke hannuna na dama daga kan linzami,
ta lanƙwasa manuniyata daga gaɓa ta biyu,
ta riƙe a haka.
Ba ta saki ba.
Ruwa na ta sauka a kan kwano,
allon ya gaji da jira, ya yi duhu.