Giɓin Nomau

Ni ce mai tafasa almakashi a asibitin mishan,
shekara goma sha ɗaya ina wanke jini daga kwano.
Abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

An sami Nomau cikin rudun albasarsa
ranar Lahadi, kasuwar Tawa tana ci,
wuya a shaƙe, hula can gefe,
albasa ta zubo masa har ƙirji
kamar ita ma ta zo gaisuwa.

Jandarmomi ba su wahalar da takalmansu ba.
Ga Agali mai gadi, kurma, ba dangi a gari.
Wanda ba ya ji ai ba ya musu.
Suka jefa shi bayan mota.

Likita ya tafi taro Yamai,
sai aka kira Maser Filomen ta sa hannu a takarda.
Gajera ce, 'yar Dogon Dutsi,
tabaraunta ɗaure da zaren buhu.
Ta ɗaga leɓen mamaci. Ta daɗe.
Ta ce, "Tsayaba, kin tuna haƙorin nan?"

Na tuna. Bara da damina muka cire shi,
na sama, maƙwabcin fiƙa,
Nomau na ihu kamar ɗan kaciya,
ya biya mu da tiya biyu ta albasa.

"Ga jini a dasashinsa," in ji ta,
"kuma bakin ba rauni."

Ba ta bi gida gida ba.
Ta ce cizon mutum ya fi na kare dafi,
a ba shi kwana uku, zai yi magana da kansa.
Ta aike ni wurin wanzami,
wurin yaran da ke tallan ƙwayoyi a tire:
duk mai kumburin hannu a turo shi,
mishan na yin allura kyauta.

Litinin, mai kunama.
Talata, yarinya da ƙaya, da wani maƙeri.

Laraba bayan la'asar sai ga Kadri mai sikeli,
shi da ya sayi likkafani,
shi da ya fi kowa jan carbi a zaman makoki,
hannu naɗe cikin tsumma, yana wari.
Ya ce, "Jaki ne."

Maser ta girma cikin jakuna.
Ta kwance tsumman, na riƙe fitila.
Na ga bakinta yana ƙirga:
ɗaya, biyu, uku,
sai fili,
sai huɗu.

Ta ce, "Kadri, wa ya cire wa jakinka haƙori?"

Ruwa na tafasa bayana.
Babu wanda ya sauke shi.

Ya faɗa, kai a ƙasa:
shekara biyu sikelinsa na cin kilo daga kowane buhu,
kamyo bayan kamyo zuwa Abijan,
har Nomau ya aro sikelin wani ya gwada.
Ya ce roƙo ya je yi.
Ya ce hannun ne ya riga shi.

Ba ta tsaya da aikinta ba.
Ta matse ruwan ciwon, ta wanke, ta naɗe,
ta yi masa allurar da ta alkawarta.
Sannan ta ɗauki lemarta:
"Tashi. Akwai mutum a ɗaure da sunanka.
Zan raka ka, kada ka ɓata hanya."

An sako Agali da magariba.
Bai ji dalilin kama shi ba,
bai ji dalilin sakinsa ba.
Maser ta nuna masa baki, ta nuna hannu,
ya dube ta, ya gyara rawani,
ya koma ya zauna ƙofar rudun.

Daren nan ba ta taɓa tuwo ba.
Ta bango ina jin carbinta,
ya fi nawa gajarta, amma ta fi ni daɗewa.
Da safe ta ce in ajiye bandeji gefe:
na Kadri ne, sai an canza masa ran Juma'a.