Muciya da Gishiri

A Ƙofar Marusa, bayan la'asar,
Gwaggo Tasalla na haɗa sabulun ruwa
a shuɗin baho mai tsage a baki.
Ni ke riƙe da gwangwanin gishiri,
hutun jami'a ya maida ni ɗan aike.

"Barbaɗa kaɗan." Na barbaɗa.
Abin da ke tsululu kamar ruwan wankin gero
ya fara nauyi, ya fara jan muciya.

Na ce, Gwaggo, kin san me ke ciki?
Wasu 'yan mitsi-mitsi, ido ba ya kai musu,
kowanne da kai da wutsiya.
Kan na son ruwa, wutsiyar na gudunsa
kamar akuya ta ji yayyafi.
Sai su cusa wutsiyoyi a tsakiya,
kawuna a waje, su dunƙule.
Gishiri na sauka, kawunan su bar ture juna,
dunƙule ya miƙe ya zama tana,
tana ta harɗe da tana
kamar zaren da kyanwa ta kwana a kai.
Kaurin da kike ji ke nan.

Ba ta ɗago ba. Ta miƙo muciya: "Juya."

Na juya a hankali, ya cije.
Na ƙara hannu, na ƙara,
sai na ji ya sake ni.
Zaren sun warware, sun bi sahu,
kowa ya fuskanci inda muciya ta nufa,
suna zamewa a jikin juna
kamar karan dawa a bakin ambaliya.
Mai gardama ya tsinke biyu,
can gaba ya tarar da wani guntu, su ɗinke.
Kusa da muciya gudu yake,
can jikin baho ko gezau.
Sabulu ɗaya, tafiya biyu.

"Tsaya."
Na tsaya. Ta nuna da haɓa.
Wasu kumfa uku da suka maƙale a ciki
suka yi gaba kaɗan, suka dakata,
sannan suka dawo da baya
kamar wanda ya kai zaure ya tuna makulli.

A ɗakin gwajinmu akwai na'ura mai faifai biyu,
ɗaya na juyawa bisa ɗaya.
Sati uku na yi ina jiran wuta
don in ga wannan komawar a kan allo.

"In bai dawo ba, bai yi ba," in ji ta.
"Shekara sha ɗaya da haka nike ganewa."

Ta shiga ɗaki ɗauko turaren lemo.
Ni kuwa, mai karatu,
na ce bari in ƙara mata kauri,
na zazzage sauran gwangwanin.

Ya saki. Ya koma tsululu.
Na san dalili, ya fito a jarrabawa:
tanar ta yi rassa, rassan na sulɓewa,
amma bakina ya ƙi buɗewa.

Ta ɗaga muciya, ta kalli yadda yake zuba,
ta kalli robobi arba'in da ke jira a tabarma.
"Rabe, tanar taka ta mutu?"

Ta kwance bakin zani, ta ƙirga kuɗi.
"Ruga shagon Ɗan Mani kafin ya rufe.
In ka dawo, kai ke da muciya.
Gishirin, bar mani."