Sunana Har Yanzu Liyatu

Ran da na fara ɗaura shi
allura ta soke ni a ƙarƙashin haɓa,
ɗigon jini ɗaya a kan farin yadi.
Shafa ta yi dariya har ta zube bisa katifa,
ta ce, ba haka ake yi ba, kawo nan.
Iyakar 'yan biki ke nan:
ni da ita, da fanka mai kukan tsufa,
da zafin Sakkwato
wanda ba ya tambayar addinin mutum kafin ya gasa shi.

Mama ta kira daga Zuru.
Wane ne yaron?
Na ce babu yaro.
To nawa suka ba ki?
Mama, da akwai yaro da abin ya zo miki da sauƙi,
da kin sami wanda za ki zaga.
Ni ce kurum, da tambayoyin shekara biyu,
da wata asuba a Mabera
da ladan ya ce salla ta fi barci,
ni kuwa dama barcin ya daɗe da ƙaurace mini,
sai na tashi.

An ce mini za su rufe miki baki da wannan ƙyalle.
Wanda ya faɗa bai taɓa zuwa Kara ranar kasuwa ba,
bai ga Dakta Luba ba,
hijabi har gwiwa, takalmin roba har ƙwauri,
hannunta cikin bakin bijimi tana duba dasashi,
tana ce wa dillali mai furfura,
wagga saniya ba ta shiga mahauta yau,
in ka so ka kai ƙarata.
Maza goma suka yi tsit.
Ni ina riƙe da akwatin magani a bayanta
ina koyon aiki biyu a lokaci guda.

Ba zan ce babu ƙaya ba.
A islamiyya wata ta auna siket ɗina da ido
kafin ta amsa sallamata.
Wata ta ce, tubabba ce,
kamar mai nuna tabon ƙuna.
Wani ya ce in sake suna.
Na tambayi Malama Tumba,
ta cire tabarau ta ce, me sunan ya yi?
Uwarki ta raɗa miki, bar abinki.

Kunya kuwa, ba a nan na fara jin sunanta ba.
Kakata ba ta taɓa shiga majami'a kai a buɗe ba.
Abin da na ƙaru da shi
shi ne sanin cewa ba yadi kaɗai ba ce:
tana cikin harshe idan gulma ta yi daɗi,
tana cikin awon maganin akuyar talaka
lokacin da babu mai duba sirinji.
Kuma an fara ce wa maza su runtse ido
kafin a zo kan mayafina.
Wannan ayar, ɗan kabu-kabun Gidan Dare
da ke karkata madubi
bai kai gare ta ba tukuna.

Fatihata har yau tana ɗingishi.
Harafin nan na maƙogwaro yana kufce mini
kamar ɗan akuya a hannun sabon ɗalibi.
Ina sake kamawa.

Mama ba ta ce ta yarda ba.
Da Kirsimeti na je, na yanka albasa, na tuƙa tuwo,
na yi salla a bayan rumbu,
ta ga tabarmar, ta kewaye ta da tsintsiya.
Amma azumin bana, kullum,
rana na faɗawa bayan gulbin Rima
wayata za ta yi ƙara.
Ba ta ambaci azumi ko sau ɗaya ba.
Liyatu, take cewa,
kin ci abinci?