Ƙarfe Biyun Dare a Ɗakin Sanyi

A Argungu, bayan injin casa ya yi shiru,
ƙaiƙayi ya lafa a kan rufin kwano,
ni kaɗai nake saura, ni da na'urori tara
masu ƙifta koren ido a ɗakin sanyi.
Shayina ya huce. Janareto na tari a waje.

Ƙarfe biyu daidai ƙa'ida take farkawa.
Ba ta sallama, ba ta tambayar mutan gida.
Ni na rubuta ta da hannuna, shekarun baya,
lauyan kamfani na zaune yana kaɗa ƙafa,
yau kuwa ita ke ba ni umarni.

Ta ce abin da aka shigar yau a yi shi uku:
ɗaya ya kwana nan, kusa da hannu,
ɗaya a wani faifan da bai san na farko ba,
na uku ya bi waya zuwa Birnin Kebbi,
don gobara ba ta aiko da goron gayyata.

Kwafin kullum, kwana talatin ne rabonsa.
Na ƙarshen wata yakan ga damina, ya ga rani,
daga nan sai taska, ƙuryar da ba a leƙawa,
inda fayil ke barci a naɗe kan zare,
in ka kira shi da hantsi sai la'asar ya amsa.
Shekara bakwai a can. Sannan a share.

Na ga ranarta, ba zan ci amanarta ba.
Shekarar da gulbi ya shigo ofis har gwiwa,
manaja ya dafe kai, manoma sun cika ƙofa,
kowa da lissafin buhunansa a baki,
kwana biyu na jawo komai daga Birni,
ko mudu ɗaya bai ɓata ba.
Ranar har kifi aka gasa mini.

Amma daren nan jerin sharewa ya fito,
layi dubu huɗu da 'yan kai,
a na tamanin da shida na ga Arzika Nomau,
mai awo, da ya riƙe sikeli shekara ashirin,
wanda muka kai makwanci ana jibi azumi.
Na buɗe. Hotunan rasidai ne,
da rubutunsa mai jingina hagu.
A gefen ɗaya ya sa da jan biro:
"Tsohuwar Gulma ta bar canjinta, naira ɗari uku.
In ta dawo a ba ta."

Ban san ko ta dawo ba.
Ƙa'ida ba ta da gurbin wannan tambaya.
Takardar kotu ke riƙe hannunta, ko ta odita.
Kewa ba ta cikin dalilai.

Na tuna Inna Kuluwa da rumbunta a Lailaba.
In kaka ta yi takan sa a kwashe tsohon gero,
ta ware damin iri, ta rataye can sama,
ta ce rumbun da ba a sharewa na gara ne.
Sai dai takan daɗe tsaye kafin ta ce a fara.

Saura minti huɗu, yatsana na kan maɓalli.
Ina iya cewa akwai shari'a a kansa.
Gobe wani ya bi ƙofar da na buɗe,
kuma shi ba kewa ce za ta kawo shi ba.

Sai na yago takarda daga littafin aiki,
na kwafe maganar Arzika da hannuna,
na ninke ta huɗu, na sa aljihun gaba.

Biyu da rabi, fitilu suka ƙifta tare.
Wuri ya samu, gigabait goma sha tara,
shinkafar bana za ta cike shi kafin sanyi ya wuce.
Ranar kasuwa zan ari babur zuwa Gulma
da naira ɗari uku, in tambayi tsofaffi.