Minti Biyu-Biyu

Daren Talata a Oldham, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
A zauren makarantar firamare aka jera mu
kan kujerun yara, gwiwa na neman haɓa.
'Yan takara huɗu a gaba, kowa da kofin ruwansa,
sai wata tsohuwa mai ƙararrawa:
minti biyu-biyu, in ji ta, ko ɗan wane ne kai.

Ni kuɗin wuta ne ya kawo ni.
Takardar na cikin jaka, na ninke ta huɗu.
Kafin a kai ga wuta
wani dattijo ya miƙe, hula a hannu,
ya ce a faɗa masa mene ne aure.
Ko a ce masa namiji da mace,
ko a ce masa ya tsufa, ya tafi gida.

Aka yi masa ihu daga baya, aka tafa daga gefe.
Wani saurayi ya saita shi da waya
kamar an kama ɓarawon akuya.
Dattijon ya ce, kun gani ko?
Abin da kakana ya faɗa a coci da babbar murya,
yau sai na waiga kafin in furta.

Sai Bethan ta tashi.
Bethan ta gida mai lamba sha tara,
wadda ta kai mu asibiti ƙarfe ukun dare
ranar da numfashin Mamuda ya sarƙe,
Morag kuma ta zauna da yarana har asuba.
Ta ɗaga yatsa mai zobe.
Ta ce, shekara tara ke nan,
sau nawa za a kaɗa ƙuri'a a kan ɗakin kwanana?
Muryarta na rawa.
Ƙararrawa ta katse sauran.

'Yan takara suka bi maganar a hankali
kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.
Ɗaya ya ce ba a sa wa baki kwaɗo.
Ɗaya ta ce harshe ma yana zubar da jini;
da ta iya Hausa da ta ce zarar bunu.
Sauran biyun suka sha ruwa.

Na san abin da aka karantar da ni.
Nawa a Funtuwa aka ɗaura shi,
da waliyyi, da shaidu, da sadaki, da goro,
kuma teku bai wanke mini wannan ba.
Na kuma san hannun da ya riƙe sitiyari a daren nan.
Sannan ga mahaifina:
magana ɗaya ya yi a tasha, zamanin soja,
ya kwana goma sha biyu a bayan kanta,
ya fito da bakinsa amma bai ƙara amfani da shi ba
sai wajen tuwo da salati.
Shi ya sa ihun nan ya tsaya mini a maƙogwaro.
Shi ya sa rawar muryar nan ma ta tsaya.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.
Aka miƙo mini makirufo, da ɗumin tafin wani.
Dattijo ya juyo. Bethan ta juyo.
Minti biyu ashe fili ne, har da ƙaya.
Na zaro takardar, na warware ninkin,
na karanta musu kuɗin wutar watan jiya.
Zauren ya yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya.
Ni ban yi ba.

A motar Bethan na koma gida.
Ruwa na dukan gilashi, ana sharewa, yana dawowa.
Muka wuce dattijon a tashar bas, hularsa ta jiƙe.
Ta ɗan rage gudu.
Ta ƙara.
A bakin danja ta ce, Barira, wa za ki zaɓa?
Na ce ƙuri'a sirri ce.
Ta ce haka ne.

Jibi Alhamis zan shiga bayan ɗan allon nan
ni kaɗai da fensir ɗaure da zare.
Can babu mai ƙararrawa.
Har yanzu ban san me zan yi da minti biyuna ba.